Gyaran gida ya yi tsada: magini ne ke cuta ta, ko in jira kaya su sauko?

Wani malamin makaranta daga Tudun Jukun a Zariya ya aiko da tambaya kamar haka: "Gidan da muka gada rabinsa ginin ƙasa ne, rabi na bulo. Ɗakuna biyu suna yoyo, bangon zaure ya tsage, fentin falo kuma yana kumbura yana zubowa daga ƙasa. Na kira magini da kafinta, lissafin da suka ba ni ya kusa ninka abin da na kashe a irin wannan gyara a 2022 sau uku. Kowa na cewa babu aiki a gari, to me ya hana masu aikin rage kuɗi? Cuta ce, ko in haƙura in jira kaya su sauko?"

Malam, Allah Ya rufa asiri. Aikina ƙididdigar kayan gini ne da tsayawa a kan masu aiki a nan Zariya da kewaye, don haka irin takardar da aka miƙo maka ina ganin ta kusan kullum, wani lokaci ma ni ke rubuta ta. Yawan kuɗin da ka gani ba shi ne shaidar cuta ba. Ana iya cutar ka, ƙwarai kuwa, amma cutar gyaran gida ba kasafai take zama a jimillar da ke ƙasan takarda ba. Tana ɓuya ne a kaurin kwano, da yawan yashin da aka zuba wa buhu guda, da abin da aka rufe da filasta kafin ka taso daga makaranta. Jira kuwa, a kan biyu daga cikin matsaloli ukun nan, shi ne zaɓin da ya fi kowanne tsada.

Tsakanin gyaranka na 2022 da yau manyan abubuwa biyu sun auku. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 ɗin Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake lissafawa a kan kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da ake samu tsakanin naira 4,000 da 5,000 a farkon 2023 ya wuce 10,000 a Fabrairun 2024, har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka fito aka ce an daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya je shago a kwanakin nan ya san abin da aka faɗa a rediyo daban, abin da mai shago ya faɗa daban.

Ana yawan tambaya ta, ai a ƙasar nan ake yin siminti, ina ruwansa da dala? Dutsen namu ne, gaskiya. Amma iskar gas ɗin da ake ƙona shi da ita da dala ake lissafa ta, kayan gyaran injuna daga waje suke zuwa. Sannan Zariya ba ta da masana'antar siminti. Ko daga Obajana a Kogi buhun ya taso, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe, ko Gboko a Binuwai, tirela ce ta ɗauko shi ta sha dizal na ɗaruruwan kilomita kafin ya iso Sabon Gari. Yawancin katakon rufi daga Kudu yake hawowa. Kwano, ko da a nan aka lanƙwasa shi, ƙarfensa mafi yawa shigo da shi ake yi. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 har yau ba ta ba mu ƙarfen da aka yi alkawari ba, rodin da muke saye galibi narkakken tsohon ƙarfen da 'yan gwangwan ke tarawa ne. Wayar wuta jan ƙarfe ce, farashinsa kuwa a kasuwar duniya ake yanke shi. Hatta yashin da ake ɗebowa a bakin rafi nan kusa, kuɗinsa kuɗin man tifa ne da na masu lodi.

Game da saukar kaya, akwai abin da ke ruɗa mutane. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, daga baya adadin ya sauko. Saukar wannan adadi ba ta nufin kaya sun yi araha, tana nufin gudun tashinsu ne ya ragu. Siminti ya ɗan ja baya a watannin da suka biyo bayan Fabrairun 2024, amma bai koma farashin 2022 ba, kuma ni ban taɓa ba wani shawarar ya ɗora lissafin gidansa a kan zai koma ba. Albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Kai da kake karɓar albashi ka fi ni sanin ko ƙarin ya kamo kasuwa.

To me ya sa mai aiki ba ya rage kuɗi alhali gari babu aiki? Ka sake duba takardar, ka ware kuɗin kaya gefe, ladan aiki gefe. A irin gyaran da ka bayyana, abin da na saba gani shi ne kaya su cinye kashi biyu cikin uku ko fiye, ladan aiki ya tsaya a ragowar. Kayan ne suka ninka sau biyu sau uku. Ladan ya ƙaru, amma bai bi sawunsu ba. Kuma rashin aikin da kake gani a matsayin dalilin ragi, shi a wurinsa dalilin ƙin ragi ne. Birkilan da a da yake fita kwana ashirin a wata, in yanzu goma yake samu, kowane yini guda sai ya ciyar da gidansa na kwana uku. Kuɗin abin hawa daga Gyallesu zuwa Samaru da dawowa a cikin ladan zai fita, abincin yaransa biyu da ke cuɗa masa ƙasa ma haka. Mai walda ya fi kowa shan wuya, domin in babu wuta sai janareta, man kuma shi zai saya kafin ya ɗiga ƙarfe ko ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: aiki ya yi ƙaranci, gwanaye ma sun yi ƙaranci. Sababbin gine-gine da yawa sun tsaya, ka bi ta Dogarawa ko bayan Hanwa ka ga kangaye sun tsaya a kan taga, ciyawa ta fito a ciki. Da suka tsaya, masu hannu mai kyau wasu sun bi aiki Abuja da Kaduna, wasu sun koma tuƙa keken Napep, masu wayarin da yawa sun koma haɗa sola, wasu sun koma gona gaba ɗaya. Yaran da ya kamata su yi shekaru suna koyo a ƙarƙashin maigida ba sa iya zama, domin abin da ake sallamar su da shi da yamma ba ya kai su gida. Sai ya zama yaro ya yi shekara guda yana ɗaukar kwanon siminti, ya sayi cokali da igiya, ya ce shi ma birkila ne. Shi wannan zai rage maka kuɗi, har rabi ma. Wanda ya iya aikin ba ya ragi sosai, saboda ko a wannan hali ana nemansa.

Sannan gyara ba kamar sabon gini ba ne. A sabon gini kowa na ganin abin da zai yi. A gyara kafinta bai san abin da ke cikin silin ba sai ya ɓalle kwano. Yana iya tarar da katako lafiya, yana iya tarar da gara ta cinye shi saura ɓawo. In jinga kuka yi a dunƙule, dole ya ɗora wani abu a kai saboda abin da bai gani ba, da kuma tsoron kaya su tashi tsakanin ranar da ya yi lissafi da ranar da za ka kawo kuɗi. Shi ya sa yanzu za ka ji ana cewa lissafin nan na mako ɗaya ne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne abin da ke faruwa idan ka matse shi. Mai aikin hannu a garin nan ba kasafai yake cewa a'a ba, musamman ga malami ko dattijo. Za ka yi ta ja, ya sunkuyar da kai ya ce, "To Malam, Allah Ya sa albarka." Kai ka tafi kana murna ka rage dubu hamsin, shi kuwa ya riga ya san inda zai fanshe ta. Filasta mai kyau buhu ɗaya baro uku ne na yashi. Sai a zuba huɗu, a zuba biyar. Ranar da aka gama, bangon sumul yake, ba ka da abin cewa. Bayan damina ɗaya ka goga yatsa ka ga yashi na zubowa. Katakon tu-bai-tu da ake buga kwano a kai sai a buɗa tazararsa don a rage guda goma, iskar farkon damina ta zo ta sami kwanon yana lilo. Ƙusa mai roba a kai sai a musanya ta da marar roba, kowace ƙusa ta zama ƙofar ruwa. Katakon da ya kamata a shafe da maganin gara ko baƙin mai a bar shi ya sha, sai a hau da shi fari fat. Ba ina wanke masu wannan hali ba ne, ha'inci ne, kuma akwai masu yin sa ko nawa ka biya su. Amma mai gidan da ya matse lada har ya kasa ciyar da mai aiki, shi ya buɗe ƙofar da kansa. Araha ba ta ado.

Maganin wannan shi ne ka daina jinga a dunƙule. Ka ce ya rubuto maka kaya dalla-dalla: buhu nawa, kwano falle nawa kuma mai wane kauri, katako nawa, ƙusa kilo nawa. Ladan aikinsa ya rubuta shi daban. Ka ɗauki takardar kayan ka zaga shago biyu uku da ƙafarka, a Sabon Gari da Tudun Wada, sannan ranar saye ku tafi tare, shi ya zaɓa kai ka biya. Ka sani cewa masu shago da yawa suna ajiye wa mai aiki la'ada idan ya kawo mai saye, kuma a cikin kuɗinka take fita. Idan ka hana shi wannan, adalci shi ne kada kuma ka zaftare ladansa. A wurin kaya ka yi tsanani, a wurin lada ka yi sauƙi. Ni a gani na wannan ciniki ya fi riba ga mai gida, domin ragin da za ka samu a kaya ya fi wanda za ka tatsa a lada, kuma mai aikin ba shi da sauran dalilin rage siminti tunda ba aljihunsa ragowar za ta shiga ba.

A shagon ma sai ka buɗe ido, don tsadar nan ta sa kaya sun rame. Kwanon almuniyam da ake ce maka kaurinsa mili 0.55 ne yana iya zama 0.45 ko ƙasa, ka ce a auna a gabanka da ma'aunin kauri. Rodin da ake kira mili 12 wani bai cika ba. Wayar wuta ka sa a fere bakinta a kankare da wuƙa, in cikinta ya yi fari, almuniyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ita ce ke zafi a cikin bango. Bulo kuma ka murza gefensa da babban yatsa, ka ɗaga shi daidai ƙugu ka sake shi a ƙasa. Wanda ya tarwatse ya zama gari, an fitar da shi ne daga buhun da aka tatsa fiye da ƙima. Gara ka ƙara kuɗi kaɗan a wurin masu buga na ƙwarai.

Kafin alƙalami kada ya yi yawa. Abin da ke sa mai aiki ya karɓi kuɗinka ya ɓace kwana huɗu, sau da yawa ba gudu ya yi ba, yana can yana ƙarasa aikin wani da kuɗinka, kamar yadda zai zo ya ƙarasa naka da kuɗin na gaba. Wannan sarƙa ta yi yawa a shekarun nan. Ka raba biyan gida-gida: in an sauke tsohon kwano an gyara katako, ga kaza; in an rufe, ga kaza. Leburori a sallame su kullum da yamma, ba su da ƙarfin jira. Ku rubuta a takarda, mutum ɗaya ya shaida. Ka kuma faɗa masa tun farko cewa za ka riƙe ɗan wani abu, kamar kashi ɗaya cikin goma na ladan, sai an yi ruwa mai ƙarfi an ga rufin bai ɗiga ba. Wanda ya yarda da hannunsa ba ya ƙin wannan sharaɗi. Kai kuma ranar da ruwan ya sauka ka cika masa ba sai ya yi ta sintiri ba.

Yanzu ga aikin kansa. Tunda kuɗin ba zai isa duka a lokaci guda ba, tsarin da za ka bi shi ne zai cece ka, kuma yoyo ne a gaba. Ruwan da ke ɗiga a ɗaki ba a bokitin da ka tara yake ƙarewa ba. Kafin ya iso nan ya jiƙa katako, ya jiƙa silin, ya bi kan bango, ya taɓa wayar wuta. Katako mai danshi shi gara ke nema. Yoyon da bana falle huɗu da kilo ɗaya na ƙusa za su tsayar, baɗi sai ya ci silin da rabin katakon ɗakin. A Zariya ruwa na sauka daga Mayu zuwa Oktoba, Agusta kuma ba ya ɗaga ƙafa, don haka damina ɗaya ta isa.

Sai dai kada ka yarda a ce maka sai an sauke rufin gaba ɗaya kafin a hau a duba. Da tsakar rana ka sa kafinta ya shiga cikin silin, kai ma ka leƙa in za ka iya. Duk inda haske ya ratso kamar tsinin allura, a nan ruwa ke bi. Ka duba katakon, inda ya yi baƙi ko ya yi tabon ruwa, ka bi shi sama har inda tabon ya fara, domin ruwa na iya shiga a nan ya gangara kan katako ya ɗiga a can nesa. Mafi yawan yoyon da nake gani daga wuri uku yake: ramin ƙusar da ta saki, kwanon doron rufi da iska ta ɗaga, da inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari. In kuwa gidanka irin wanda aka ɓoye rufinsa bayan bango ne, mai kwatar kankare a sama, to a fara leƙa kwatar nan. Sau da yawa ganyen dogonyaro da leda da ƙurar hunturu ne suka toshe bakin bututu, ruwa ya taru ya koma ciki. Tsintsiya da rabin buhun siminti su gama aikin da aka yi maka lissafin bandir biyu na kwano a kansa.

Wani abu kuma: tsohon kwanon da iyayenmu suka rufa da shi sau da yawa ya fi na kasuwar yau kauri nesa ba kusa ba. In tsatsa ce kawai a sama ba ta huda ba, a goge a shafa masa fenti mai hana tsatsa, a canja ƙusa. Ka lura da wanda ke gaggawar a sauke shi duka, ka tambaye shi ina tsohon zai tafi, domin yanzu tsohon ƙarfe kuɗi ne a hannun 'yan gwangwan. In ɗaya daga cikin ɗakunan soro ne, aikin daban ne: a cire ciyawar da ta tsiro a kai, a cike inda ya lotsa yana tara ruwa, a gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da gindin bango, a ƙwanƙwasa azara a ji ko ta ruɓe daga inda ta shiga bango. Bayan an tsayar da yoyon, mai wayarin ya duba wayoyin ɗakunan biyu kafin a mayar da silin.

Tsagewar zaure ita ce na fi so ka ɗauka da muhimmanci, ko da yake tana iya zama ba komai ba. Akwai tsagewar da ta tsaya a filasta, siririya kamar gashi, ta bazu ko'ina. Wannan ta jira. Akwai wadda ke fitowa daidai inda ginin ƙasa ya haɗu da na bulo, a miƙe daga sama zuwa ƙasa, domin su biyun ba sa motsi tare, kusan kowane gida irin naku yana da ita. Wadda ke ba ni tsoro ita ce mai tafiya a karkace, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko wadda ta ratsa bango ana ganin ta ciki da waje, ko ka ga ƙofa ta fara ƙin rufuwa, ko bango ya yi ciki ya turo. Ka shafa ɗan siminti siriri a kan tsagewar wuri biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe da fensir. In ya tsage cikin 'yan makonni, bangon yana tafiya. In alamun nan masu ban tsoro sun riga sun bayyana kuwa, ba sai ka jira gwaji ba: a daina zama a zauren, a tokare rufin, a kira injiniya ko magini mai rajista ya gani. A garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli ba a rasa wanda zai duba, kuma kuɗin dubawar bai kai na buhu kaɗan na siminti ba.

Mu mutanen Zazzau ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Mai Martaba Sarki Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ginin ƙasa a tsakiyar damina, in ya sha ruwa, tsakanin alama da faɗuwa ba lallai a sami mako ba.

In zauren na ƙasa ne, kada ka bari a cusa siminti a tsagewar a shafe a tafi, kuma ka yi hattara da shawarar a yi wa bangon filastar siminti gaba ɗaya don a huta da yaɓe. Wannan ya kashe gidaje da yawa a cikin birni. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma ba ya barin ta ta fitar da danshi. Ruwa ya sami hanya ta sama ya shiga bayansa, bangon ya yi ta jiƙa a ɓoye, waje kuwa fes. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ba komai a ciki, wata rana ɓawon ya zubo da rabin bangon. Magabata da ƙasa suke gyara ƙasa, su kare ta da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kan soro kuma su yi laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Masu wannan sani sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba a cikin ganuwa, ka tambayi dattawan Kwarbai ko Ƙaura za a nuna maka. Abin daɗin shi ne kayan aikinsu ba su da alaƙa da dala, sai dai kuɗin tifar da za ta kawo ƙasa.

Fentin falo shi ne zai jira, amma dalilinsa ba zai jira ba. Kumburin fenti daga ƙasa da farin gari kamar gishiri alamar danshi ne da ke hawowa daga gindin bango. Ka fita ka duba bayan wannan bangon. Ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, abin da ke faruwa idan an yi ta cike layi shekara da shekaru, ko kwata na bin gindinsa, ko ruwan rufi na zuba a wurin, ko akwai bututun famfo da ke tsiyaya. A janye ƙasar, a yi daɓe mai gangara a gindin bango ya kori ruwa, a gyara kwatar. Sannan a kankare filastar da ta lalace har wajen mita guda, a bar bangon tsirara ya sha iskar rani kafin a mayar. Masu cewa a manna tayil ko a shafa fenti mai sheƙi a rufe, danshin kawai suke turawa sama, baɗi ka gan shi a saman tayil ɗin.

Lokacin aiki ma kuɗi ne. Daga Maris zuwa Mayu kowa ke tunawa da rufinsa, in iskar farko ta kwashe kwanon unguwa guda kafinta sai ka yi layi. Da damina leburori da yawa suna gona a Giwa da Soba da Maƙarfi. Bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hannu ya yi yawa, 'yan ci-rani sun shigo, bango ya bushe, a nan ake samun sauƙin lada ba tare da an matsi kowa ba. Sharaɗin hunturu ɗaya ne: iskar na busar da filasta kafin ta yi ƙarfi, sai an riƙa ba ta ruwa safe da yamma har mako guda, ka sa yaro a gida ya riƙe wannan don mai aikin ba zai dawo dominsa ba. In muna cikin damina kake karanta wannan, a toshe yoyon yanzu, a tokare zaure in da buƙata, babban aikin a kai shi rani. Kafin nan kana iya tara kwano da ƙusa da katako kaɗan-kaɗan duk wata, ko ka ɗauki kwasar adashi ka saya a ajiye, don ba sa lalacewa in suna inuwa a kan wani abu. Siminti ne kawai ba a tarawa: yana shan danshin iska ya daskare, ka saye shi ana saura kwanaki a fara, a jera shi a kan katako nesa da bango.

Ka ce gidan gado ne. Kafin ka sa ko naira ɗaya, ka tara 'yan'uwa, har mata da waɗanda ke nesa ta waya, a nuna musu hoton tsagewar da takardar lissafi, a amince ko karo-karo za a yi, ko kai za ka kashe a matsayin bashi a kan gidan, ko kyauta ka yi. A rubuta, kowa ya sani. Na ga gyaran da aka fara aka tsaya rufi a buɗe saboda wani ɗan'uwa ya ce ba a shawarce shi ba, na kuma ga wanda ya kashe kuɗinsa shi kaɗai, ranar rabo aka ce ai zama yake a ciki. Rasit ɗin kowane buhu da kowane falle ka ajiye shi tare da takardar yarjejeniyar mai aiki.